Hanyar Kafur Daga Cikin Ɗaki

Akwai wani wari da takarda ke yi idan damina ta yi nisa, tsakanin warin rumbu da na tabarmar da ta kwana a ƙasa mai sanyi. Shekaranjiya ina gyaran kabad a makarantar da nake koyarwa a Funtua, na ɗago wani tulin tsofaffin littattafan yara, warin nan ya bugi hancina. Sai na tsaya da tsumma a hannu. Ban ƙara ganin kabad ba, ɗakin kakata nake gani, da ni kaina ina 'yar shekara goma sha biyu ko kusa da haka, na miƙe ƙafa a tabarma ina tauna murfin biro.

A shekarar da nake ba ka labari, kakana ya rasu ana tsakar noman fari. Ƙauyenmu yana tsakanin Gozaki da Kafur, amma mu a Malumfashi muke zaune, inda Baba ke ɗinki a bakin kasuwa. Wansa, wanda muke kira Baffa, yana Funtua yana sayen hatsi da auduga, kuma shi ne mai faɗa a ji a gidan. A ƙauye ba wanda ya rage sai ƙaninsu da matarsa, ita kuwa ga goyo, ga abincin masu aikin gona. Mutanen garinmu suna cewa ba a barin mai takaba ita kaɗai. Saboda haka da aka ba mu dogon hutu, ba wanda ya tambaye ni, aka ɗaure mini kayana a ɗankwali, aka ɗora ni a bayan babur.

Kafin ka gane abin da takaba ta yi wa Kaka, sai ka san wace ce ita. Mai daddawa ce. Tun kafin a haifi Baba take dafa kalwa, ta surfa, ta wanke, ta rufe da ganye har ta nuna, ta kirɓa ta shanya, sannan ta jera a kwando ta aza a ka ta nufi kasuwa. A ƙafa take tafiya. Ko da motoci suka yawaita, ba ta shiga sai in ruwa ya tsare ta. Dugaduganta duk faso, tafin ƙafarta kamar ƙirgi, ƙaya ma tsoronta take ji. Ban taɓa ganin ta zaune hannu sake ba. Irin wannan mata ce aka ce ta shiga ɗaki wata huɗu da kwana goma, ba kwalli, ba lalle, ba ɗaga murya.

Liman ya ce mai takaba tana iya fita da rana idan akwai lalura. Baffa ya ce wace lalura kuma, ga masara buhu-buhu yana aikowa, ga kayan miya? Maganar ta mutu a nan.

Ɗakin na ƙasa ne, rufin azara, da taga ɗaya wadda ba ta fi faifai girma ba. An saki asabari a ƙofa. Akwai wani wuri a kusurwa da ke yoyo, an ajiye masa tsohon kwano, in marka ta kama sai mu wuni muna jin ɗas, ɗas, har sautin ya shiga cikin kan mutum ya zauna. Aikina in kawo mata ruwan alwala, in karɓo abinci, in zauna. Zaman shi ne aikin. In na leƙa zaure na ɗan jima, matar ƙanin Baba za ta ƙwala mini kira daga madafi, ta ce in koma, an bar tsohuwa ita ɗaya. Ina jin 'yan mata suna wucewa bayan katanga za su kai abinci gona, suna dariya, ƙarar takalmansu a taɓo. Da yamma ina jin gaɗa daga dandali. Ni kuwa ina nan, ni da tsohuwar da ba ta cika magana ba, tana jan carbi tana kallon ƙafafunta.

Ranar da za a ba mu hutu, malaminmu na Hausa ya ce kowa ya sami littafi ya riƙa rubuta abin da ya faru da shi kullum, in an dawo zai duba. Baba ya saya mini mai jan bango. Na taho da shi da murna, ina ganin zan cika shi. Amma me ke faruwa da wanda ke zaune a ɗaki? Na rubuta cewa yau an yi ruwa, mun ci tuwon masara da miyar kuka. Washegari na rubuta cewa yau ba a yi ruwa ba, mun ci tuwon masara da miyar kuɓewa. Ina tunanin ƙawayena, wata an kai ta Kano, wata Zariya, su suna da abin faɗa. Na fara jin haushin littafin, na fara jin haushin ɗakin, kuma ba zan ɓoye maka ba, har Kaka na ji haushinta, kamar ita ta ɗaure ni.

Wata safiya na farka na gan ta tsaye. Ta ɗaura zane tamau kamar yadda take yi in za ta yi tafiya, ta naɗe gammo a hannu, ta kai bakin ƙofa har goshinta na taɓa asabari. Ranar kasuwar Kafur ce. Jikinta ne ya tuna, ya tashe ta, kafin hankalinta ya iso. Ta daɗe a tsaye. Daga nan ta warware gammon a hankali, ta dawo ta zauna, amma yatsun ƙafarta ba su daina motsi ba.

Can ta dube ni ta ce, "Ke 'yar boko, me kike ta zanawa a takardar nan kullum?"

Na karanta mata. Ruwa, tuwo, ba ruwa, tuwo. Ban kai ƙarshe ba na ji wani abu kamar tari, ashe dariya take yi, ta toshe baki da gefen mayafi don kada a ji ta a tsakar gida.

"Wannan malamin naku zai ce a turke aka ɗaure ki," in ji ta. "Ɗauki abin rubutunki. Tashi mu tafi Kafur."

Na zaci ruɗewa ce ta tsufa. Amma ta gyara zama, ta jingina da bango, ta lumshe ido, ta ce to, mun fita ta ƙofar baya don kada mu ta da jaki. Ta ce in yi hankali da raɓa, ciyawar burtali tana jiƙa zane har gwiwa. Muka wuce rijiyar da ruwanta ke da ɗanɗanon kanwa. Muka wuce gonar wani makaho wanda kunyoyinsa sun fi na masu ido miƙewa. Muka gangara fadama inda rake ke kaɗawa, ta ce a nan ake cire takalmi, in akwai shi, domin laka ba ta mayar da abin da ta karɓa. A bakin rafi muka iske matan ruga da ƙoren nono, ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, har da canza murya in su ne ke amsawa. Ina rubutu, ina ce mata ta dakata, tana cewa mai zuwa kasuwa ba ya dakatawa, rana za ta yi.

Sai da hantsi ya dubi ludayi muka isa. Ta sauke kwando, ta ce wash, ta murza wuya kamar da gaske kaya ta sauke. Na duba, na cika shafi huɗu. Na ɗaga kai, ga kwanon yoyo, ga taga, ga asabari, ba abin da ya matsa daga inda yake. Amma ƙirjina ya buɗe kamar na sha iskar fili.

Daga ranar, duk ranar kasuwa sai mun tafi. Hanyar ɗaya ce, amma ba ta taɓa zama iri ɗaya ba. Wata rana ta rani za mu bi, ƙasa na ƙona ƙafa. Wata rana ta shekarar yunwa, lokacin da mata ke sayen daddawa rabi-rabi. Wata rana muka bi ta tana amarya, ba ta san hanya ba, tana bin bayan uwar mijinta tana kuka a ɓoye saboda nauyin kwando. Wani lokaci, in ta ji daɗi, sai ta ce yau Danja muka nufa, mu sayo mazarƙwaila.

A ɗaya daga cikin tafiye-tafiyen nan ne ta tsaya a gindin wata ɗorawa, muna kan hanyar dawowa. Sannan ta ce, "A nan na haifi wancan na Funtua." Ba ta taɓa faɗin sunan Baffa ba, ɗan fari ne. Ta ce naƙuda ta kama ta ita kaɗai, hadari ya haɗu a gabas, sai ga wata Bafillatana da ba ta taɓa gani ba ta ajiye ƙwaryarta, ta kwance zanenta na sama ta kare ta. Ita ta yanke cibi da tsinin kara, ita ta goya jaririn har ƙofar gida, ta juya ba ta ko sha ruwa ba. Kaka ta ce shekara da shekaru tana duba fuskokin matan ruga a kasuwa, ba ta sake ganin ta ba.

Na ce, "Kaka, in rubuta wannan ma?"

Ta ce, "To da wa zai riƙe mini shi?"

Abin mamaki, sauran ranakun ma da ba ma zuwa ko'ina sai suka daina zama wofi. Idona ya koyi tsayawa a kan abu. Na rubuta ƙadangaren da ke leƙowa ta taga kowace hantsi yana gyaɗa mana kai kamar mai zuwa ta'aziyya. Na rubuta waƙar da matar ƙanin Baba ke yi wa goyonta in tana daka, da yadda take yanke ta in ta ji takun mijinta. Na rubuta yadda hasken taga ke tafiya a bango, ya sauka kan jeren kwanoni, ya hau gadon kara, ya mutu. Na rubuta ƙafafun Kaka, waɗanda suka fara kumbura saboda zama, fason ya rufe, tafin ya yi laushi kamar na jariri. Da na karanta mata wannan, ta ja zane ta rufe su. Ba ta ce in goge ba.

Wata rana ana yayyafi muka ji sallamar mace da wata irin Hausa mai lanƙwasa. Wata Bayarabiya ce mai sayar da kwanoni da tasoshi, maƙwabciyar Kaka a kasuwar Kafur tun suna da ƙuruciya. Ta biyo ɗan acaɓa har ƙauye, zanenta sharkaf. Suka riƙe hannun juna suka daɗe a haka. Da za ta tafi ta ce, "Iya mai daddawa, wurinki na nan. Wata ta zo za ta baza kaya, na ce mata mai wuri ba ta mutu ba, mijinta ne ya mutu. Na kife babbar tasa a kan dutsen da kike zama." Ranar Kaka ta cinye tuwonta tas, har ta ce a tambayo mata ko kalwa ta yi tsada bana.

Masara ta yi goyo, gero ya fid da kai, hutu ya ƙare. Na ɗaure kayana tun kwana biyu kafin ranar da nake sa ran Baba. Ya zo kuwa, amma tare da Baffa. Suka durƙusa a bakin ƙofa, asabari tsakaninsu da mahaifiyarsu, suka yi gaisuwa mai tsawo. Baba ne ya fara, ya ce ni zan ƙara zama har a fita takaba, ya riga ya yi magana da shugaban makaranta. Kafin in haɗiye wannan, Baffa ya yi gyaran murya.

"Inna, mun yi shawara. In Allah ya kai mu kika fita, za ki dawo Funtua wurina. An gyara miki ɗaki, har da siminti da fanka. Zancen kasuwa kuma a bar shi haka nan. Kin yi mana wahala, ya isa. Mutane na zagina, suna cewa ina da mota uwata na yawo da kwando a ka."

Ina kallon ta. Carbin ya tsaya a hannunta.

"Ƙafar tawa ce ke zaginka?" ta ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Inna, hutu ne muke so ki yi."

"Na ji. Allah ya yi muku albarka."

Ta ci gaba da jan carbinta. Kuma kada ka ɗauka Baffa mugu ne. Na ji muryarsa na rawa a bayan asabarin nan. Abin da ya san ana yi wa uwa shi ya yi.

Bayan sun tafi na kifa kai a kan ƙullin kayana na yi kuka mai isata, kukan makaranta, kukan ƙawaye, kukan kaina. Ba ta rarrashe ni ba. Da na gaji na ɗago, na ga ta kwanta ta juya wa ɗakin baya. Sai a lokacin na gane cewa nawa ɗaurin yana da ranar kwancewa, nata kuwa yanzu aka ƙara masa ƙulli.

Ranar kasuwa ta zagayo. Na ɗauko littafi da biro na zauna kusa da ita, ina jira. Rana ta fito, hasken taga ya fara tafiyarsa a bango. Na ce, "Kaka, ba za mu Kafur ba?"

"Yau ƙafa ba ta tafiya," ta ce, fuskarta a bango.

Na rasa abin yi. Na yi ta juya shafuka, warin danshi na tashi daga cikinsu. Can, ban san abin da ya ba ni ƙarfin hali ba, na koma shafin farko na tafiyarmu, na fara karantawa da ƙarfi. Na ce mun fita ta ƙofar baya don kada mu ta da jaki. Na ce a yi hankali da raɓa. Na wuce rijiya, na wuce gonar makaho. Ba ta motsa ba. Na gangara fadama, na haye rafi, na ce sai muka bi ta hagun tsamiya.

"Dama," in ji ta.

Na tsaya.

"Ta dama ake bi. Hagu akwai gidan tururuwa. Gyara."

Na gyara. Na ci gaba, tana kwance yadda take, amma daga nan har kasuwa tana biye da ni, nan ta ƙara mini sunan wata bishiya, can ta ce na manta ban gaida masu nono ba. Ranar ni na ɗauki kwandon. Haka muka yi sauran makonnin, ni ke ja, ita ke gyara. A ranakun da ba ta da ƙarfin gyarawa ma ban fasa ba.

An fita takaba a lokacin kaka, dawa ta sunkuyar da kai, auduga ta fara fashewa fari fat a gonaki. Aka yi mata wanka da kitso, aka dafa abincin sadaka, ta sa sabon zane. Da ta fito tsakar gida sai da ta kare ido da hannu, kuma tafiyarta ta zama ta mai taka ƙaya. Washegari motar Baffa ta zo. Aka ɗora gadonta da kwanoninta. Tukunyar dafa kalwa aka ce a bar ta, ba wurin ajiye ta a can.

Hanyar mota ta bi da mu ta Kafur, za a sauke ni a Malumfashi. Da muka zo daidai kasuwa, Baffa da kansa ya rage gudu ya tsaya, ya ce, "Inna, ko za ki sauka ki yi sallama?" Amma ba ranar kasuwa ba ce. Rumfuna wayam, sai awaki da ke kwance a kan teburan mahauta. Ta daɗe tana kallo ta gilashi. Sannan ta ce, "Mu je. Ba kowa."

Na koma makaranta a makare, an riga an wuce zancen aikin hutu, malamin bai ko tambaye ni ba. Ban damu ba. Na sayi wani littafin da kaina.

Kaka ta yi 'yan shekaru a Funtua. An kula da ita, ba ta rasa ci ba, ba ta rasa sutura ba. In na je hutu nakan same ta a kan kujera 'yar tsugunno kusa da ƙofar gida ta ƙarfe, tana kallon ƙafafun masu wucewa ta ƙarƙashinta. A gidan ta rasu, da azumi, cikin mutanenta.

Ni kuwa ban daina rubutu ba har yau. Ba kullum ba, kuma ba wani abin kirki ba ne, amma na lura ba na rubutu sosai sai lokacin da na ji duniya ta matse ni: zaman jego, jinyar mahaifiyata a asibiti, watannin da maigidana ya yi ba aiki muna kallon juna. Ɗalibaina in na ce su rubuta abin da ya faru da su, sukan ce komai na cikin waya, sun ɗauki hoto. Ba na musu da su. Zamani ne nasu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda zaman ɗaki ya zama na kowa a yankinmu. Da, mai takaba ce kaɗai ake tsarewa. Yanzu ƙanin Baba, wanda ya tsufa shi ma, gonar bayan gida kawai yake nomawa, ta nesa ta zama daji saboda tsoron masu ɗauke mutane. Mata ba sa bin burtali da asuba. Kowa na lissafin inda la'asar za ta same shi.

Bara aka yi haihuwa a ƙauye, na matsa sai na je suna. Daga Kafur na hau acaɓa. Yaron ya bi ta wata hanyar da babura suka fasa, yana gudu kamar ana bin mu, gonaki na wucewa ta gefen idona ban iya rarrabe komai ba. Da muka gangara wani kwari mai sanyi, na taɓa kafaɗarsa na ce ya tsaya, ina so in ɗan taka da ƙafata, ko daga nan zuwa can ne.

Bai ko waiwayo ba. Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Nan ba wurin tsayawa ba ne yanzu."

Na gyara riƙon jakata, na ƙara ɗaga ƙafafuna daga ƙasa, muka wuce.